Maganin Mansura

Asabar, 2 ga Agusta 1997, bayan magariba

Mansura ta iso daga Jamus. Ni na je tasha na ɗauko ta, muka wuce Bungudu kai tsaye. Ko ruwan gidana ba ta sha ba, ta ce Baba take so ta fara gani. Ta yi haske, ta ɗan rame, tana magana tana yarfa hannu kamar ba a ɗaki ɗaya aka haife mu ba. Mijinta bai zo ba, aiki ya riƙe shi can.

Baba ya tashi tsaye. Mutumin da sai na tallabe shi ta hammata kafin ya rabu da tabarma, yau da ya ji sallamarta a zaure sai ya dafa bango ya miƙe shi kaɗai. Gwaggo Uwani, ƙanwarsa da ke riƙe da gidan tun rasuwar Inna, har da guɗa. Ni ina baya, riƙe da jakunkuna.

Na ba shi ƙwayarsa ta Asabar kamar yadda na saba. Ya haɗiye bai dube ni ba, yana tambayarta ko can ma damina ake.

Ƙanwata ce. Alhamdu lillahi ta zo lafiya. Na yi murna.

Lahadi, 3 ga Agusta, da hantsi

Na yi murna. Maigidana Rabi'u ne ke ta tambayar abin da ke damuna, shi ya sa na sake rubutawa. Ba abin da ke damuna.

Talata, 5 ga Agusta, bayan azahar, a ɗakin magani na asibiti

Layi ya ragu, bari in zauna.

Ina shekarar ƙarshe a Zariya, inda na karanta haɗa magunguna, hannun Baba ya fara kumbura. Mutane na cewa sanyin ƙashi. Ba sanyi ba ne. Garkuwar jikinsa ce ta juyo tana cin gaɓoɓinsa. Yatsun da suka yi shekara da shekaru suna kwance injin gurzar auduga suna ɗaurawa, yanzu ba sa iya ɓalle maɓallin riga. Ƙwaya iri biyu ke riƙe da shi: 'yar fara da yake sha kullum da safe, da rawaya da ake sha sau ɗaya a mako, wadda ba na yarda kowa ya ba shi sai ni. Shi ya sa duk Asabar ina Bungudu. In duba idonsa da harshensa, in ga ko kwalbar farar ƙwaya ta ragu yadda ya kamata, in yanke masa farce.

A waccan shekarar malamina ya so in zauna in ci gaba da karatu. Sai ga ciwon Baba, sai ga na Inna. Ba wanda ya ce in dawo. Ba kuma wanda ya ce kada in dawo.

Mansura na sakandare a lokacin. Ni na koya mata yadda sinadarai ke haɗuwa, a kan tabarmar tsakar gida, da ƙwallon goruba da na dabino. Ban san abin da ya kawo wannan zancen ba. An buga tagar karɓar magani, na tashi.

Asabar, 9 ga Agusta, bayan la'asar

Yau Baba ya tambayi Mansura aikinta. Ina yanke masa farce, ita tana zaune gabansa ta naɗe ƙafa.

"Wai mi kike yi can, auta? An ce min magani kike ƙerawa."

"Nemansa nake, Baba. Ka ga ciwon nan naka, masu gadin jikinka ne suka daina gane mai gida. Akwai wani ɗan abu a cikin jiki, inzayim muke ce masa, shi ke haɗa abin da ke hura kumburin. Ɗauke shi kamar injin gurza da aka kunna aka rasa mai kashewa. Ni ƙarfen da zan cusa tsakanin haƙoransa nake nema, ya tsaya shi kaɗai, sauran injinan gidan su ci gaba da aikinsu."

Baba ya janye hannunsa daga nawa, ban ma gama ba. Ya ce, "In ƙarhen ya yi girma, ya hwasa inji. In ya yi ƙarami, inji ya tamne shi."

"Aikina ke nan gaba ɗaya, Baba."

Ya yi dariya har da tari. Ta ce a ɓawon hano suka hango ƙarfen, shi ta zo ɗiba a duwatsun Tsafe. Ya ce hano dai, wanga da mata ke turare da ƙaronsa? Ta ce shi. Sannan ta ƙara da cewa ba magani ba ne tukuna, a cikin kwalba kawai suka ga yana aiki. Ta faɗa, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma sau ɗaya ta faɗa, a hankali, yana tsakiyar dariya.

Na sha yi masa bayanin garkuwar jiki. Abin da yake cewa shi ne "to," sai ya ce in miƙo masa buta. Ban taɓa tunanin injin gurza ba. Ni da nake kai masa abinci wurin aikin ina yarinya, in dawo da auduga a ɗankwali. Ita ba ta taɓa ganin injin yana juyawa ba.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan magariba

Ta matsa sai na raka ta Tsafe. Wani Malam Bawa mai sayar da sassaƙe a kasuwa ya kai mu bayan gari, muka hau dutse. Hano ya yi ganye, ɓawonsa na salewa kamar takarda. Ta tsuke zani, ta sa takalmin roba, tana ɗaura wa kowace bishiya ƙyalle mai lamba, tana sassaƙar gefe ɗaya kawai don kada ta mutu. Ta iya aikinta. Na tsaya ina neman inda za ta yi kuskure, ban samu ba.

A kan wani falalen dutse muka zauna cin dafaffiyar gyaɗa. Ana hango gonakin gero har inda ido ya tsaya. Ta ce, "Yaya, ina so in roƙe ki wani abu. In na koma, ina bukatar wanda zai ci gaba da karɓar ɓawon nan, na rani daban, na damina daban, ya shanya a inuwa, ya aiko mini. Ba wanda na yarda da hannunsa kamar ke."

Na ce, "Ba ga Malam Bawa ba?"

"Ba ɗaya ba ne. Ke kin san abin da ake nema. Sunanki zai shiga cikin takardar da za mu buga."

"A ƙasa ko a gefe?"

Ta dube ni. Na ce aiki ya yi mini yawa, sabuwar jiha ce, ma'aikata ba su isa ba. Gaskiya ne kuwa, ba su isa ba.

Mai shanya ɓawo. A mota na yi kamar barci nake.

Laraba, 13 ga Agusta, da safe

An sa Mansura a rediyo jiya da yamma. Wani ɗan jarida ya bi ta har Bungudu. Ita ta yi maganarta daidai, da "muna fata" da "nan gaba in Allah ya yarda." Amma da zai rufe shirin sai ya ce ɗiyar Bungudu ta gano maganin sanyin ƙashi a jikin hano. Rabi'u ya ƙara murya, ya ce, "Ma'u, zo ki ji ƙanwarki." Na ce ina ji daga nan, albasa na kan wuta.

Alhamis, 14 ga Agusta, da azahar

Tsofaffi na ta zuwa taga neman "maganin ƙanwarki." Wata ta ce ashe ke ce yayar likitar nan. Shekarun da na yi ina miƙa mata magani ta tagar nan ba ta taɓa tambayar ɗiyar wane ce ni ba.

Asabar, 16 ga Agusta, bayan magariba

Zauren Baba ya zama rumfar shanya. Tabarmi ko'ina, ɓawon hano a baje, ƙamshinsa har waje. Mansura ta ce nan ne ruwa ba ya shiga, iska kuma na ratsawa. Baƙi na ta shigowa taya murna, Baba na kan kujera da sabuwar hula.

Ya nuna ta ga Alhaji Labbo, abokinsa tun na wurin aiki, kamar bai san ta tun tana rarrafe ba. "Ga ta nan, Mansura, ita kunka ji ga rediyo." Wani baƙo ya dube ni. Baba ya ce, "Waccan yayarta ce."

Na sani. Ni ce 'yar fari, uba ba ya kama sunan ɗan fari, kunya ce, haka aka tarar. Ba yau na fara zama "ke" da "waccan" ba. Amma yau sunanta bai huta a bakinsa ba. Mansura kawo ruwa, Mansura zauna nan, Mansura faɗa musu zancen injin nan. Kamar mai tsotsar alewa.

Da na ba shi ƙwayar Asabar ya juya ta a tafinsa, ya ce wa Alhaji Labbo, "Waɗanga sun kusa hutawa. Sun kumbura min huska, sun hana ni cin abin da nike so." Duk sadda ya yi irin wannan magana nakan ce masa farar ƙwayar nan ba a fashinta, jikinsa ya riga ya jingina da ita, in aka janye farat ɗaya sai ya faɗi. Na buɗe baki, sai wani ya yi sallama. Na ba Gwaggo kwalbar mako, na ce zan bi motar la'asar saboda hadari.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan la'asar

Mansura ta ba ni kwafin takardar da suka buga ita da malamanta, sunanta ne na biyu. Yau na zauna karanta ta. Shafin farko na gane. Na biyu na gane rabi. Daga nan sai zane-zane da layuka masu hawa da sauka, irin waɗanda a da nake karantawa ina cin abinci. Na ɗauko tsohon littafina na Zariya, gara ta ci bayansa, na nemi sunan inzayim ɗin. Layi biyu kawai aka yi masa. Duniya ta yi gaba ni ina ɗura ƙwayoyi a ambulan.

Na sami kuskuren rubutu guda a kusa da ƙarshe. Na ja masa layi da jan biro.

Asabar, 23 ga Agusta, da hantsi

Ban je ba. Babu mai a gari, layi har ya zagaya kwana. Na ba wani direba da ya san gidan ƙwayoyin a ambulan ya kai wa Gwaggo, har da rawayar. Rabi'u ya ce akwai mai a babur ɗinsa, zai kai ni. Na ce kaina ke ciwo.

Ai akwai likita a gidan.

Talata, 26 ga Agusta, bayan azahar

Mansura ta biyo ta asibiti da laka a takalmi. Ma'aikata suka taru kamar an kawo amarya. Har Dakta Tukur ya bar marasa lafiya a layi ya fito gaisawa da ita. Ta tambaya ko za ta iya amfani da ƙaramin sikelinmu na awo. Na ce makullin kabad ɗin ba ya kusa. Yana cikin jakata, can ƙarshen ɗaki, ba kusa ba ne.

Ta ce tun wancan makon a Tsafe take kwana, gidan wata ƙawarta malamar makaranta, don ruwa na ɓata mata aikin safe in ta taso daga Bungudu. Sai ta gama ɗiba za ta koma gida.

"Yaya jikin Baba? Kina dai ganinsa ko?"

Aka buga taga. Na ce, "Ina zuwa."

Da na dawo ta tafi. Ta bar mini turare a kan tebur, mai kyau. Na sa shi a durowa.

Asabar, 30 ga Agusta, da azahar

An yi ruwa.

Lahadi, 31 ga Agusta, bayan la'asar

Rabi'u ya ce yayyafi ne, motocin Bungudu sun yi ta tashi. Ban tambaye shi ba. Ya ce, "Ma'u, tsohon nan bai yi miki komai ba." Na ce na sani. Bai yi mini komai ba.

Talata, 2 ga Satumba, bayan la'asar

An kawo Baba. Yana ɗakin maza, gadon bakin taga. Ba zan iya rubutu ba.

Laraba, 3 ga Satumba, bayan la'asar

Jiya ina cikin awon maganin tari aka ce ana nemana a ɗakin gaggawa. A bayan a-kori-kura suka kawo shi, kwance kan katifa, Gwaggo na riƙe da kansa. Tun Lahadi yake amai, da safe ya tashi alwala ya zube. Jikinsa sanyi ƙalau, jijiyar hannunsa da kyar ake jin bugunta. Ban jira tambaya ba, na ce wa Dakta Tukur an daina ba shi farar ƙwaya. Ya ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata. Bai tambaye ni yadda aka yi na tabbata ba. Ni na ɗauko allurar da ke maye gurbin ƙwayar da gudu, ni na fasa kwalbar. Aka ɗaura masa ruwa. Kafin la'asar ya buɗe ido.

A baranda Gwaggo ta kwance bakin zaninta. Ga kwalbar da na bari, ga ambulan ɗin da na aika ko buɗe shi ba a yi ba. Tana kuka tana cewa, "Shi ya ce in ɗebo ɓawon ga zaure in dahwa mai. Ya ce maganin ɗiyatai ne, mi za ya yi da na Turawa. Kwanakin hwarko har ya ce gwiwa ta yi sauƙi. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, na ce bari ki zo Asabar in gaya miki."

Mansura ta iso daga Tsafe dab da magariba, ko mayafi ba ta daidaita ba. Na tare ta kafin ta shiga. Na ce ta zo ta baje wa tsoho ɓawo a zaure, ta shiga rediyo, ta tafi ta bar shi da shi. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Ta tsaya tana ji, hawaye na zuba ba ta share ba. Da na gama ta ce, "Laifina ne, Yaya, ban ja kunnen Gwaggo ba. Amma ni hankalina a kwance yake, na san duk Asabar kina can. Me kika gani ranar Asabar? Bai nuna wata alama ba?"

Da gaske take tambaya. Ba ta sani ba.

Gwaggo ta sunkuyar da kai. Na ce ana jirana a ɗakin magani.

Juma'a, 5 ga Satumba, bayan an sauko masallaci

Ya farfaɗo sosai, har ya sha kunu. Likita ya ce a bar allura a koma ƙwaya. Na kai masa, ya datse baki. "Zazzaɓi ya kada ni, ba rashin waɗanga ba. A kawo min na Mansura." Na yi bayani. Dakta Tukur ya yi bayani. Baba ya ce "to," bai karɓa ba. Sai aka mayar da allura.

Gwaggo ta gaya wa Mansura ban je ba, na gani a yadda take kauce wa idona. Ta kawo mini shayi a ɗakin magani ta ajiye ta fita. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Har a haƙuri ta fi ni.

Asabar, 6 ga Satumba, bayan azahar

Na sami Mansura a gindin dalbejiyar da ke bayan ɗakin maza. Na ce ita ta ɗaura, ita za ta kwance. Na ce ta shiga ta gaya wa Baba cewa ba ta da magani, gaban Gwaggo da Alhaji Labbo da duk wanda ke wurin. Na ce ta bari sai lokacin ziyara. Na san abin da nake yi.

Ta ce, "Zan faɗa. Ke ma bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba a nan. A kwalba abin yana tsayar da inzayim ɗin tsaf. Da muka ba ɓeraye, hanta ke cinye shi kafin ya kai gaɓa. Na daɗe ina canza masa siffa, in na gyara nan sai can ya lalace. Shi ya sa na zo neman na wurinmu, ko zai bambanta. Wataƙila a yi shekara goma. Wataƙila ba za a taɓa yi ba. Baba ba zai sha shi ba, Yaya, na daɗe da sanin haka."

Na ce Allah ya sa a dace. Na koma gida na ci abincin rana, na ƙara. Rabon da abinci ya yi mini daɗi haka tun ranar da na je tasha. Na rubuta ne don haka aka yi. Astagfirullah.

Asabar ɗin dai, bayan magariba

Ta faɗa. Ta durƙusa gaban gadon, ɗaki cike da 'yan dubiya, ta ce, "Baba, ba ni da magani. Abin da aka faɗa a rediyo ba haka yake ba. Ɓawon nan ba zai riƙe ka ba. Saura kaɗan mu rasa ka saboda shi." Alhaji Labbo ya hau gyaran hula. Baba ya daɗe yana kallonta, sannan ya juya fuskarsa bango. Kafaɗarsa ta yi ƙanƙanta cikin rigar.

Abin da na nema ke nan. Na tsaya bakin ƙofa ina jiran daɗin da na ji da rana ya dawo. Bai dawo ba.

Litinin, 8 ga Satumba, da hantsi

Ba ya ci, ba ya karɓar ƙwaya, ba ya magana da kowa, har ita. Jijiyoyin hannunsa sun gaji da allura. Dakta Tukur ya ce ba za a ci gaba a haka ba.

Talata, 9 ga Satumba, bayan azahar

Da asuba abin ya zo mini, ina kan sallaya. Rawayar ƙwayar nan da nake ba shi duk Asabar, ai ita ma aikinta ke nan. Inzayim take toshewa, wani daban, don garkuwar jiki ta lafa. Ƙarfe ce a haƙoran inji. Shekara da shekaru tana hannuna.

Na yi niyyar gaya masa da bakina. Har na kai bakin gadon. Na dubi ƙeyarsa, na san "to" zan samu.

Na fita na kira Mansura. Na ce, "Ki ce masa irin aikinku ce. Waɗanda suka riga ki shiga wannan hanyar ne suka ƙera ta, ke wadda ta fi ta kike nema. Ba ƙarya ba ne. Ki haɗa da farar, ki ce tare suke tafiya."

"Yaya, ke ya kamata ki faɗa. Ke kika..."

"Ki shiga kawai."

Ta shiga. Ina jin su daga baranda. Ta yi magana, sannan na ji muryarsa a dushe. "Ashe wagga ma ƙarhen ce?" Ta ce ita ce, Baba. "To ai ta gidanku ce ke nan. Mi ya hana a gaya min tun tuni?"

Ya karɓi farar daga hannunta, ya ce a aje masa rawayar sai Asabar. Na ji ƙarar kofi. Bayan nan ya nemi kunu.

Asabar, 13 ga Satumba, bayan la'asar

An sallame shi, mun kai shi gida. Zaure fayau, Mansura ta kwashe ɓawon ta ɗure a buhuna ta kai wani wuri. Ƙamshin dai bai fita ba. Ita ta ba shi rawayar yau. Ni na yanke farce.

Laraba, 17 ga Satumba, da azahar

Na raka Mansura tasha, za ta Kano ta hau jirgi. Muna tsaye ana ɗaure buhunanta a saman mota. Na jira ta ce wani abu game da Zariya, game da wadda ta bar karatu ta dawo gida. Ba ta ce ba. Ina jin ba ta ma san akwai abin faɗa ba, yarinya ce a lokacin.

Ta ce, "Maganar ɓawon nan ki manta da ita, Yaya. Na yi magana da Malam Bawa."

Na ce, "Zai shanya miki a rana ya lalace. Bar mini lambobin bishiyoyin."

Ban san abin da ya sa na faɗa ba. Wataƙila zafin an ba wani abin da na ƙi ne. Ta rungume ni gaban mutane, abin da ba mu saba ba. Na tsaya har motar ta sha kwana, sannan na koma wurin aiki.

Asabar, 20 ga Satumba, bayan magariba

Na je da wuri. Baba na zaure, kumburin yatsun ya ɗan sauka, Alhaji Labbo da wasu dattawa na gefensa. Na duba kwalba, ta ragu daidai. Na zuba ruwa a kofi, na sa masa rawayar a tafi. Maimakon ya haɗiye sai ya ɗaga ta tsakanin yatsu, da kyar, ya nuna musu.

"Kun gan ta? Maganin Mansura ne. Shi ya tashe ni."

Alhaji Labbo na wurin ranar da ta durƙusa gaban gado. Ya kuma san wadda ke zuwa gidan nan duk mako tun Inna na da rai. Ya juyo ya dube ni, ya ce, "Ma'u, ke ce masaniya. Haka ne?"

Baba bai dube ni ba. Amma hannunsa ya tsaya a sama, ƙwayar na tsakanin yatsunsa.

Na ce, "Haka ne, Baba Alhaji. Maganin Mansura ne. Ba a fashinsa."

Ya haɗiye. Na riƙe masa kofin har ya shanye.